Jan Ɗigo a Labulen Wini

Wajen ƙarfe uku na rana ne, ranar Asabar, hadari ya haɗo daga gabas ya tsaya a kan Sabon Gari, bai zubo ba, bai kuma wuce ba. Gari ya yi lumshi, iska ta ɗauke. Shekari yana zaune a kan mashin ɗinsa a layin 'yan acaɓa na bakin PZ, yana ɓarar dafaffiyar gyaɗa, sai ya ji wata murya a bayansa.

"Shekari! Kai ne ka rame haka?"

Mama ce, mahaifiyarsa. Tana sanye da ankon zumuntar mata, ɗankwalin ya karkace saboda tafiya. Ya diro daga mashin ya durƙusa, gyaɗar ta zube a ƙasa.

"Mama, yaushe a gari? Ba aike ba komai?"

"Wa zan aika? Da asuba muka taso daga Zonkwa, taron zumunta muka zo a cocin nan na bayan kasuwa. Da ƙyar na samu na zame, ina ta tambayar masu mashin har aka nuna mini kai." Ta dafa kafaɗarsa ya miƙe. "Ina Wini? Tun Kirsimeti ban sa ta a ido ba."

Wini ƙanwarsa ce, Winifred, ita ce ta farko a gidansu da ta shiga jami'a. Tana Samaru, a ɗakin kwanan 'yan mata. A shekarun nan wayar hannu sai wane da wane, daga shi har ita ba mai ita.

"Ki hau mu je, Mama, yanzu za mu kai."

"Ni? A kan wannan abin? Ka rufa mini asiri. Kuma ni ce mai buga tulu a waƙar rufe taro, in na tafi wa zai buga? Kai dai je ka ɗauko mini ita. Direba ya ce ƙarfe biyar zai tashi, ko da mutum ko ba mutum, ba ya son dare ya yi masa a hanya. Na kawo mata acca da citta. Ina so in ga fuskarta kawai, in ga ko tana cin abinci."

"Kafin ƙarfe huɗu muna nan, Mama."

Ya tayar da mashin ya kama hanyar Samaru. Makullin mashin yana lilo, a jikinsa kuwa akwai wani ɗan abu mai kama da alƙalami, gajere, ruwan azurfa. Leza ake ce masa. In ka danna, ba ya haska ɗaki kamar tocila, sai dai ya jefa jan ɗigo ɗaya a duk inda ka nuna. A wurin Nwankwo ya saya, mai shagon agoguna da batura a PZ. Ranar Nwankwo ya haska bangon shagon, ɗigon ya fito ja zur kamar garwashi, ya ce, "Wannan ba ya gajiya, abokina. Ka tsaya a nan ka nuna Kano, har Kano zai je." Shekari ya san bakin 'yan kasuwa, bai yarda da zancen Kano ba. Amma ya yarda abin yana zuwa duk inda ido ya kai.

Ba don wasa ya saya ba. Watannin baya ya taɓa zuwa har ƙofar ɗakin kwanan 'yan matan, da rigar sanyinsa mai baƙin mai da silifa ɗaya da ya ɗinke da waya. Matar da ke tsaron ƙofa ta yi masa tambaya da Turanci mai sauri, shi kuma da ya tsaya a aji huɗu na firamare ya amsa abin da ba shi aka tambaya ba. Wasu 'yan mata a saman bene suka kwashe da dariya, ɗaya ta ƙwala, "Wa ya kira acaɓa?" Daidai nan Wini ta fito. Ta sunkuyar da kai, kuma ya gani. Tun ranar ya ce a ransa ba zai sake sa ta sunkuyar da kai a gaban mutane ba.

Shi ya sa suka yi shiri. Duk Asabar da magariba ya kan tsaya ƙarƙashin wata bishiyar dalbejiya da ke kusa da ginin, ya jefa jan ɗigon a farin labulen tagarta, ita kuma ta sauko su gaisa, ya ba ta abin da ya samu. Da ya kawo shawarar ta yi dariya ta ce, "Yaya, kai da dabara," ba ta dai hana shi ba. Kuma abin yana aiki, bai taɓa ba shi kunya ba.

Ya wuce Palladan, ya shiga Samaru, ya shige jami'a. Agogonsa ya nuna uku da rabi saura kaɗan. Lokaci yana nan isasshe.

Sai dai yau ƙarƙashin dalbejiyar ba wurin tsayawa. An jera kujeru, an kunna kiɗa, ɗalibai maza da mata sun cika wurin har bakin ƙofar ginin, da alama bikin ranar haihuwar wata ake yi. Kowa fes, ana raba lemo. Shekari ya rage gudu, ya dubi rigarsa, ita ce dai ta ranar nan. Bai tsaya ba. Ya zagaya ta bayan filin ƙwallo, ya bi gefen ciyawa har can ƙarshensa, inda wani ɗan ɗakin famfo yake, ya kashe mashin a nan. Daga wurin yana hango ginin gaba ɗaya, yana iya ƙirga tagogi. Ga tata can a bene na biyu, farin labulen a sake.

Ya zare makullin, ya daidaita, ya danna.

Bai ga komai a labulen ba. Ya ce a ransa ai nisa ne ya hana shi gani, ita da ke ciki za ta gani. Gari ma ai ya yi duhu-duhu, kusan kamar magariba. Ya riƙe hannunsa da ɗaya hannun don kada ya yi rawa, ya danna ya saki, ya danna ya saki, yadda ya saba. Ya jira. Labule bai motsa ba.

Wataƙila ta shiga wanka. Ya ba ta lokacin wanka. Ya sake dannawa. Wataƙila batir ne. Ya haska tafin hannunsa, ɗigon ya fito ja zur, ƙarami kamar ƙwayar gero. To ba batir ba ne. Ya goge bakin abin da gefen riga, ya hau kan mashin ya tsaya don ya ƙara tsawo, ya sauko. Sau biyu ya ɗaga ƙafa zai nufi ginin, sai shewar 'yan biki ta taso, ƙafar ta koma inda take. Ya ce bari dai ya ƙara gwadawa sau ɗaya. Sau ɗayan nan ya yi ta haihuwa.

"Mai mashin, Palladan za ka kai ni."

Wata ɗaliba ce, gajera, da tabarau, ta rungume littattafai a ƙirji, ta fito ta hanyar ɗakin karatu. Ya ce mata ta yi haƙuri, jiran wani yake. Har ta juya, sai idonta ya faɗa kan abin da ke hannunsa. Ta tsaya.

"Kai! Kai ne yayan Wini, mai jan ɗigo?"

Shekari ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. "Kin san ni ne?"

"Wa bai san ka ba a benenmu? Sunana Kehinde, ɗakinmu yana kallon nasu. Duk Asabar in ɗigon ya fito sai ka ji ana cewa, Wini, yayanki ya iso. Har gardama muke yi ko kurma ne kai, shi ya sa ba ka sallama." Hausarta tas, ta 'yar Sabon Gari. Ta dubi ginin, ta dube shi. "Tsaya. Daga nan kake haskawa?"

"E."

"Daga nan? Haba Malam. Ai ko mujiya ce ba za ta gani ba."

"Mai shagon ya ce ba ya gajiya."

"Mai shago ai kayansa yake sayarwa. Kawo ka gani." Ta buɗe tafin hannunta. "Haska nan."

Ya haska. Ƙwayar gero.

"To, haska bangon tankin can."

Tankin ruwa ne a kan ginin siminti, kamar nisan dalbejiyar nan da tagar Wini. Ya haska. Ɗigon ya fito, amma ya buɗe ya kai girman lemon tsami, kuma jan ya koɗe, kamar tsohon zane da ya sha wanki. Sai da ya ƙura ido ya same shi. Bai taɓa lura ba, don da magariba yake zuwa, kuma labule kawai yake kallo ko zai motsa.

"Ka gani? Hasken ba a tsuke yake tafiya har abada ba, yana buɗewa kaɗan-kaɗan. Kuma ba ƙaruwa yake ba, wanda ya fito daga bakin abin nan shi ne dai, shimfiɗa shi ake yi. In ka ninka nisa, faɗin ɗigon ya ninka, ƙarfinsa kuwa ya rabu gida huɗu. Kafin ya tsallaka filin nan ya kai tagarta ya zama kamar faifai, ko ya fi." Ta gyara tabarau. "Ka zuba gishiri cokali ɗaya a kofi, ka ji shi. Ka zuba shi a randa fa?"

"Ba za a ji ba," Shekari ya ce a hankali.

"Gishirin yana ciki, bai je ko'ina ba, harshe ne ba ya kama shi. Ga kuma rana, ko da hadari ai rana ce, hasken gari ya fi ƙarfinsa. Ga ƙura da laima a iska suna tsintar nasu a hanya. Ka dawo da magariba ka tsaya inda ka saba."

"Ba zai yiwu da magariba ba." Muryarsa ta yi ƙasa. "Mamarmu ce ta zo daga gida. Motarsu za ta tashi ƙarfe biyar."

Kehinde ta kamo hannunsa ta juya agogon. Biyar saura kwata.

"Tun yaushe kake nan?"

"Tun wajen uku da rabi."

"Jesu! Mamarku tana jira, kai kana nan kana wasa da tocila? Ga ƙofa can a buɗe!"

Ba ta jira amsa ba, ta cire takalmi ta riƙe, ta ratsa filin da gudu, littattafan a hammata. Shekari ya tayar da mashin ya zagayo, ya tsaya nesa kaɗan da 'yan bikin, kansa a ƙasa. Ba a jima ba Wini ta fito a guje, da zane da rigar barci, ta yafa ɗankwali, ƙafa ɗaya silifa ɗaya takalmin wani. Ta ratsa tsakiyar masu rawa ba ta ko kalle su ba, ta haye bayansa.

"Mu je, Yaya, mu je!"

Suna fita ƙofar jami'a ruwan ya sauko. Ba yayyafi ba, ruwa mai ƙarfi, irin wanda yake dukan fuska kamar tsakuwa. Shekari ba mai gudu ba ne, abokan aikinsa har Hawainiya suke ce masa, amma ranar ya murɗa mashin iyakar ƙarfinsa. A Palladan ruwa ya kwanta a titi, motoci suka yi jerin gwano, ya dinga kutsawa ta gefe. Wini ta ƙanƙame rigarsa, ita dai ba ta daina cewa, "Allah ka sa direban ya yi jinkiri," ba.

Da suka shiga harabar cocin ba kowa. Kujerun roba a kife, rumfa tana ɗiga, sawun tayoyi biyu a cikin taɓo sun nufi ƙofa, ruwa yana cika su. Wani dattijo ya leƙo daga ɗakin gadi, Baba Cornelius, mai kula da cocin.

"Ku ne yaran matan nan na Zonkwa?"

"Mu ne, Baba," in ji Wini. "Suna ina?"

"Ayya. Motan ya tafi. Bai daɗe ba." Ya jawo su ƙarƙashin baranda. "Ta roƙi direba, ya ƙara mata lokaci har sau biyu. Tana nan tsaye a bakin ƙofa, ruwa yana dukanta, duk mashin da ya wuce sai ta ɗaga hannu. Da matan suka fara magana sai ta shiga."

Ya koma ciki ya jawo wani buhu, an ɗaure bakinsa da tsumman atamfa.

"Ta ce a ba 'yar makarantan. Ta ce in gaya miki kada ki damu, ta san karatu ne ya riƙe ki, karatu ya fi. Kai kuma ta ce in ce maka sannu da wahala, ta sa ka asaran aikin yamma."

Shekari ya juya fuskarsa wajen ruwan. Da zagi Mama ta bari da ya fi masa sauƙi.

"Za mu iya cim musu," ya ce. "In na bi hanyar Kaduna..."

"A ruwan nan? Da yarinya a baya?" Baba Cornelius ya girgiza kai. "Kada ka ƙara wa uwarku wani abu, ɗana."

Wini ta durƙusa ta kwance bakin buhun. Acca ce, da citta a ƙulle, da ɗanyar masara, da kwalbar man ja an toshe bakinta da leda. A sama akwai soyayyar gyaɗa a ƙullin ɗankwali, tsohon ɗankwalin Mama ne da suka sani tun suna yara. Ta ɗauke shi ta kai hanci, ta daɗe a haka. Kafaɗunta suna motsi. Baba Cornelius ya koma ɗakinsa ya bar su.

"Yaya," ta ce, ba ta ɗago ba. "Kehinde ta ce ka fi awa a bayan fili."

"Haka ne."

"Ina zaune a gaban labulen nan tun azahar. Karatu nake yi. Ko tari ka yi a ƙasan tagar zan ji."

"Na ga mutane ne."

"Mutane." Ta ɗago, idanunta jawur. "Ba ka da ƙafa ne, Yaya?"

Ya buɗe baki zai ce mata saboda ita ne, saboda ranar nan da ta sunkuyar da kai. Sai ya ji maganar ba ta da daɗin faɗa, kamar zai ɗora mata kayan da shi ya ɗauko. Kuma a tsaye a wurin bai ma tabbata ba ko kunyar tata ce yake gudu ko tasa. Ta ɗaure buhun, ta riƙe ƙullin gyaɗar a hannu.

Suka jira ruwan ya tsagaita. Ya ɗora buhun a kan tankin mashin, ta hau baya. A hanyar komawa ba ta riƙe rigarsa ba, ƙarfen kujera ta riƙe. Makullin yana ta lilo, ɗan abin azurfar yana bugun ƙarfe, ƙas, ƙas, duk ramin da suka faɗa.

Magariba ta kawo kai da suka iso. Ruwa ya kori 'yan bikin daga ƙarƙashin dalbejiya, duk sun dawo barandar ginin sun cunkushe har bakin ƙofa, kiɗa yana ta tashi. Shekari ya tsaya a gindin bishiyar, inda ya saba. Wini ta sauka, ta kama buhun da hannu ɗaya ta ja. Ya jiƙe ya yi nauyi, ya faɗi a taɓo. Ta sunkuya za ta sake kamawa.

Ya kafe mashin, ya ɗaga buhun ya aza a ka. Ruwan taɓo ya gangaro masa ta wuya ya shiga cikin rigar. Ya nufi ƙofar, silifarsa mai waya tana ƙara a kan siminti. 'Yan barandar suka dare suka ba shi hanya, wasu suna janye riguna kada ya shafa musu. Wani ya yi wata magana da Turanci, aka yi 'yar dariya, bai san ko da shi ake ba. Kunnuwansa suka yi zafi. Ya hango Kehinde a jikin ginshiƙi, har yanzu takalminta a hannu, ya kawar da ido.

Matar da ke tsaron ƙofa ta ɗaga hannu, maza ba sa wuce nan. Ya ce, "Sannu da aiki, Mama," da Hausa, ya sauke buhun a hankali a bakin matakala, ya juya shi yadda kwalbar man ja za ta tsaya a tsaye. Ƙullin bakin ya saki, ya durƙusa ya ƙara ɗaure shi, ya yi masa hannu da ragowar tsumman don ya yi daɗin ja.

Wini ta zo ta kama hannun tsumman. Ba ta dube shi ba. Ta ja buhun ta fara hawa, mataki ɗaya-ɗaya, yana bugun matakalar a bayanta.